Injina a Ɗakin Baba Idrisa

Kwana biyu na yi a unguwar Anbariyya ta Madina kafin in yarda cewa an yaudare ni. Mutumin da dillalin biza ya ce zai tarbe ni a Madina, wayarsa ta shiga sau ɗaya ranar da na sauka, daga nan ba ta ƙara shiga ba. Aikin da aka yi mini alkawari tun ina Gusau shi ne jan motar alhazai, in yi ta kai bayin Allah ziyara, in riƙa salla a Harami. Takardar da ke hannuna da Larabci take, ni kuwa a lokacin Larabcina bai wuce na salla ba.

A rana ta biyu ina zaune a inuwar masallacin Anbariyya na samu dillalin a waya, na shiga wanke shi da zagi irin wanda ba zan maimaita a nan ba. Sai na ji an ce da Hausa a bayana, "Kai, a garin Manzo kake wannan baki?"

Wani tsoho ne gajere mai jiki, cikin farar jallabiya. Sunansa Baba Idrisa. A Madina aka haife shi, ɗan ƙasa ne, kakansa ne ya zo da ƙafa daga Haɗeja bai koma ba. Hausarsa irin ta mutanen da ce, yana yi yana zuba Larabci a ciki bai ma sani ba. Ya karɓi takardar, ya nisanta ta da idonsa, ya karanta, ya ce babu alhaji ko ɗaya a cikinta. Wani kamfanin tirela ne a bayan gari, mai ɗauko kwantena daga tashar jiragen ruwa ta Yanbu. Shekara goma sha huɗu na yi ina jan tirela tsakanin Gusau da Legas, ga shi na tsallaka teku na tarar da ita tana jira na. Shi ya kai ni har ƙofar kamfanin a tsohuwar motarsa, ya rubuta mini lambarsa a bayan takardar.

Mako ɗaya tak na yi a masaukin direbobi. Mu shida ne a ɗaki, suka wakilta Usman, wani Bahaushen Sudan, ya yi mini magana tunda yarenmu ɗaya.

"Ya zol, wallahi mun gwada auduga a kunne, mun gwada filo a ka. Kai ba minshari kake ba, janareto kake tayarwa."

Sunan ya bi ni daga ranar, har Indiyawan gareji Janareto suke ce mini. Raina ya ɓaci, don a wurinmu direbobi minshari shaida ce ta mutum ya yi aiki ya gaji, ba abin kai ƙara ba ne. Na kira Baba Idrisa ina ƙorafi, ya yi dariya har da tari, ya ce in kwaso kayana, akwai ɗaki a ƙasan benensa a unguwar Ƙiblatain. "Ni ma haka nake, ya waladi. Gidan ya saba."

Sama da shekara biyu na yi a wannan ɗaki. Tsohon yana zaune a sama da 'yarsa Maimuna, bazawara ce, tana jin Hausa sarai amma da Larabci take mayar da amsa. Duk Juma'a sai ta aiko mini da shinkafa da kaza a tire. Ran da zazzaɓi ya kayar da ni, Baba da kansa ya sauko da jikin nan nasa, ya zauna a bakin katifata har na sha magani. Idan kewar gida ta taso mini, musamman in na gama waya da matata Hajara na ji hayaniyar yara a bayanta, wurinsa nake hawa in zauna. Yakan soma ba ni labarin Madinar da, yana tsakiyar magana sai kansa ya faɗi a ƙirji. In jira shi ya farka ya ɗora daga wani wuri daban.

Aikin kansa ba wuya. Abin da ya cuce ni shi ne kyan titin. A gida ban taɓa sanin ramuka ne ke riƙe da idona ba sai da na rasa su. Tsakanin Funtuwa da Zariya ba ka isa ka lumshe ido ba, ko rami, ko ɗan acaɓa, ko shingen masu karɓar na goro. Hanyar Yanbu kuwa shimfiɗe take sumul, dutse a dama, dutse a hagu, sanyin mota yana hura ka. Na ci goro har haƙorana suka rine, na sha gahawa, na riƙa zuba ruwan sanyi a wuya. Duk da haka akwai ranakun da zan ga allon Badar a gabana, in rasa yadda aka yi na iso. Ban faɗa wa kowa ba.

A shekara ta uku kamfani ya ce duk mai jan babbar mota sai ya je fahas, wato gwajin lafiya, kafin a sabunta masa izinin tuƙi. Direbobi suna da darasinsu a kan wannan, Usman ya biya mini shi tun a mota: duk abin da likita ya tambaya, ka ce la, wato a'a. Ciwon kai, la. Jiri, la. Gyangyaɗi, la. Wanda ya ce na'am sau ɗaya ya jawo wa kansa.

Na riƙe darasin. Sai dai layin ya yi tsawo, kujerar jira kuma mai laushi ce. Na farka na ga mutane suna kallona, ƙofar ofis a buɗe, likitar tana tsaye a bakinta da takarda a hannu. 'Yar Masar ce, babbar mace mai tabarau, kowa Daktora yake ce mata.

"Kai ne Khalid?" Sunana ke nan a takarda, a gida Haladu.

Na ce ni ne.

"Kana minshari, ya Khalid?"

Na ce la. Mutanen layin suka kwashe da dariya, ita ba ta yi ba. Ta sa tef irin na tela ta auna wuyana, ta leƙa maƙogwarona, ta rubuta mini kwanan asibiti. Aka liƙa mini wayoyi a ka da ƙirji da yatsa, aka ce in yi barci, na kuwa yi.

Bayan kwana uku ta zaunar da ni ta juyo mini da allon kwamfuta. Ta yi bayani a hankali yadda zan gane. Idan na yi barci, naman maƙogwarona yana faɗawa ya toshe hanyar iska, numfashina ya tsaya, jiki ya firgita ya farka ba tare da na sani ba, in sake komawa. Ta ce hakan yana faruwa da ni fiye da sau arba'in a awa ɗaya. "Shekaru ke nan ba ka yi barci ba, kwanciya kawai kake."

Hukuncin ba shi da kwana-kwana. Za a sauke ni daga mota wata uku, in yi aikin gareji. Za a ba ni injin da zai riƙa tura mini iska ta takunkumi, in kwana da shi kullum, aƙalla awa huɗu. A cikin injin akwai ɗan kati da yake rubuta komai. Bayan wata uku in kawo katin. Idan ya nuna ina amfani da shi kuma numfashin ya daidaita, za ta sa hannu in koma mota. Idan bai nuna ba, za ta rubuta ban dace da tuƙi ba. Na san ma'anar wannan ba sai an fassara mini ba: direba aka ɗauko ni, iƙamata, wato izinin zamana a ƙasar, a kan tuƙi take, kamfani zai buga mini fita ta dindindin in koma gida.

Makon farko na tsani injin nan. Ƙato da ni, a ɗaure mini baki da hanci da roba, ga tiyo yana bi na duk inda na juya. Sau biyu na fizge shi na jefar. Amma a mako na biyu wata safiya na farka na ji wani abu ya ɓace, na yi ta lalube, ashe ciwon kan nan ne da nake tashi da shi tun ina saurayi, har na ɗauka haka kowa yake tashi. Na yi mafarki ma, abin da na manta ana yi. Na ga tsakar gidanmu na Gusau an yi ruwa, Hajara tana kwashe shanya.

Daɗi ya sa bakina ya ƙi rufuwa. Na hau sama na yi ta yaba injin a gaban Baba Idrisa, har ya ce in ɗauko ya gani. Ya jujjuya shi, ya shafa takunkumin, ya ce, "Masha Allah. Wannan jihaz ɗin abin kirki ne."

To, kowa ya san abin da ake cewa idan babba ya yaba kayanka. Ban ko yi tunani ba, baki ne ya faɗa da kansa: "Ai naka ne, Baba."

Kowa kuma ya san amsar. Babba zai ce Allah ya bar maka, Allah ya sa ka ci moriyarsa, a wuce wurin. Baba Idrisa kuwa ya sake duban injin, ya ce, "To bari in gwada dare ɗaya."

Washegari na hau gaishe shi da niyyar in sauko da kayana. Na tarar da shi zaune, ido tar, ya dawo daga sallar Asuba a jam'i, abin da Maimuna ta ce ya shekara biyar bai samu ba. Ya kama hannuna da hannu biyu ya yi ta sa mini albarka, ya haɗa da iyayena da 'ya'yana. Injin yana gefen gadonsa an lulluɓe shi da farin ƙyalle. Na ce amin, na sauko hannu wofi.

Ba wai ban gwada ba. Nakan ce, "Baba, ya injin?" ya ce, "Alhamdu lillahi, ya waladi, Allah ya yi maka albarka." Wata rana na ce Daktora ta ce a riƙa wanke tiyon, ko in sauka da shi in wanke. Ya ce kada in wahalar da kaina, Maimuna tana wankewa kullum. Ita kuma tiren Juma'a ya koma na kowace rana. Ta tare ni a matakala ta ce da Larabci na dawo mata da ubanta, yanzu yana ƙarasa labari idan ya soma. Ban taɓa gaya musu sharaɗin likita ba, su a saninsu magani ne aka ba ni na warke na bayar. Mutumin da ya tsince ni a titi ya ba ni ɗaki, da wane baki zan ce masa ba ni abina? Haushin kaina nake ji, in hau da shiri, in sauko da tire.

Na kai wa Usman kukana a gareji muna wanke tirelar wani. Ya ajiye tiyon ruwa ya dube ni.

"Ya zol, kai wawa ne? Tsohon yana kwana da shi kullum?"

Na ce kullum.

"To kati yana cika, kai kuma ka huta da takunkumi. Injin ya san fuskar wani ne? Allah ya kawo maka sauƙi kana ƙorafi."

Gaskiya ban ƙi maganar ba. Ciwon kai ya dawo, gyangyaɗi ya dawo, amma na ce ai haka na yi shekara goma sha shida ina tuƙi ban kashe ko akuya ba.

Ranar da wata uku suka cika na ce wa Baba likita tana son ganin katin, ya zaro ya ba ni. Daktora ta sa shi a kwamfuta, ta daɗe tana dubawa, sannan ta cire tabarau ta yi murmushi, karo na farko da na ga haƙoranta. Ta ce awa bakwai, awa takwas, ba fashi, da duk direbobi irina ne da ta huta. Ta tambaye ni ya nake ji da rana. Na ce lafiya lau. Ta sa hannu, ta buga hatimi. Na karɓa na gode, kunya ba ta hana ni ninke takardar in sa a aljihu ba.

Tafiya ta huɗu ce bayan na koma mota. Na ɗauko kwantena daga Yanbu, na yi Azahar a wata tashar mai, na ci abinci, na kama hanyar Madina. Na tuna na wuce Badar. Abin da na sani bayan nan shi ne rurin tayoyi a kan kurji-kurjin nan da suke yi a bakin titi don tayar da mai barci. Na buɗe ido na ga rabin tirelar ya bar hanya, a gabana kuma wata ƙaramar mota ce a tsaye a gefen titi, mutum ya durƙusa yana canja taya, mace da yara suna zaune a inuwar motar. Na karya sitiyari hagu. Kwantenar ta yi rangaji, na ji ta tana neman tafiya da ni, sannan ta dawo. Ta madubi na ga mutumin ya miƙe tsaye da ƙarfen kwance taya a hannu. Bai ɗaga hannu ba, bai bi ni da zagi ba, tsayawa kawai ya yi yana kallo.

Na yi gaba kaɗan na faka. Na kashe mota. Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba, har a hannun 'yan fashin hanyar Legas. Na zauna a nan har La'asar.

Da na isa gida ban shiga ɗakina ba, na hau sama da kayan aiki a jikina. Na zauna a ƙasa na faɗa wa Baba Idrisa komai, sharaɗin likita, katin, takardar, motar da ke gefen titi. Ban dube shi ba sai da na gama.

Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci haka ba. Ya ce, "Wata biyu da rabi kana hawa nan kana gaishe ni, ka bar ni ina barci da abin da ranka yake rataye a kai?"

Na ce kunya ce, Baba.

"Kunya. Da ka taka yaran nan, ranar Lahira wa za a tambaya, ni ko kai? Ka sa ni cikin jinin mutane ban sani ba, kana ce mini kunya." Ya kira Maimuna ya ce ta naɗe jihaz ɗin. Ya ce gobe da safe in shirya, tare za mu je wurin likitar.

Na so in ce a bar zancen likita, tunda ga injin ya dawo, in ci gaba da amfani da shi, ba wanda zai sani. Na ma faɗa. Ya ce takardar da ke aljihuna tasa ce, numfashinsa aka auna, kuma shi bai yarda a yi tuƙi da ita ba.

Daktora ta saurare mu ba ta katse mu ba. Baba ne ya yi yawancin maganar, da Larabcinsa na 'yan gari. Ta miƙo hannu, na ba ta takardar, ta ja layi biyu a kai. Ta ce dole ta sanar da kamfani, kuma za ta rubuta cewa da ƙafata na zo. Ta ba da shawarar a sake ba ni wata uku. Sannan ta juya ga Baba ta rubuta masa nasa kwanan asibitin, ta ce shi ɗan ƙasa ne, da ya zo tun tuni da an duba shi. Ya ce shi asibiti ne ba ya so. Ta ce ta lura.

Manajan kamfani bai karɓi shawarar ba. Ya ce wata uku sun riga sun ba ni, kuma ba ciwon ne ya dame shi ba, katin ne. Baba ya sa sabuwar jallabiya ya je ofishin sau biyu, ya zauna tun safe har Azahar, aka ba shi shayi, aka girmama shi, aka ce a yi haƙuri. Usman ya ce ni ne mutum na farko da ya gani ya kai ƙarar kansa. Aka ba ni mako uku in haɗa kayana. Injin dai suka ce in riƙe, an riga an rubuta shi da sunana.

Sai da tikiti ya fito na iya kiran Hajara. Na ce mata ina nan tafe ƙarshen wata, gaba ɗaya.

"Lafiya dai, Baban Nafisa?"

Na ce lafiya, na ba ta labarin a gajarce. Na shirya jin kuka, ko tambayar me za mu ci. Sai ta jefo mini wata tambaya daban.

"Injin fa, za su bar maka shi?"

Na ce sun bar mini.

"To ka taho da shi, ko me za ka bari kada ka bar shi. Tun da aka kawo ni gidanka nake jin numfashinka yana ɗaukewa. In zauna ina jira, in ya daɗe bai dawo ba in taɓa ƙafarka kamar juyi na yi. Da ka tafi kuma sai na koma tunanin wa zai taɓa ka."

Na ce shekara goma sha ɗaya muna ɗaki ɗaya, me ya hana ta faɗa mini ko sau ɗaya?

Ta ce, "Haba, Baban Nafisa. Ta yaya zan dubi idonka in ce kana minshari?"